Kurakuran da aka fi yi wajen sayo injin daddatsa itace mai aiki da tarakta

Injin daddatsa itace irin wanda ake rataya wa tarakta ba shi da ƙarfin kansa. Daga sandar PTO, wato sandar da injin tarakta ke juyawa a bayanta, yake samun juyi, ya wulwula wani faifan ƙarfe mai nauyi da aka ɗaura wa wuƙaƙe biyu zuwa huɗu, faifan ya yanka reshe ya feso gutsattsarinsa ta bututu. Masu lambun mangwaro da yazawa da lemo, da masu kula da layukan darbejiya da itacen turare, su ne suka fi nemansa, don rassan da a da ake tarawa a banka wa wuta su koma abin rufe gindin bishiya ko haɗa taki. Yawancin waɗanda ke shigowa ƙirar China ne, ta tashar ruwa ta Apapa ko Tin Can a Legas, na Nijar kuma ta tashoshin ƙasashe maƙwabta irin Lome. Akasarin asarar da ake yi a kansu, tun kafin a biya kuɗi aka riga aka yi ta.

Bin yawan inci da aka rubuta a talla

Abin da mai sayarwa zai fara nuna maka shi ne kaurin itacen da injin ke ci: inci 4, inci 6, inci 8. Wannan adadi da ɗanyen itace mai laushi, miƙaƙƙe kamar sanda, aka gwada shi. Busasshiyar ƙirya ko marke ko bagaruwa ba haka suke ba. Ka ɗauki kashi biyu cikin uku na abin da aka rubuta a matsayin aikin yau da kullum: mai inci 6 zai wuni yana cin inci 4 lafiya lau, amma in ka dage kan inci 6 za ka wuni kana canza kusar kariya, wadda ke karyewa idan itace ya cije.

Sannan a ƙasarmu duk itacen da ya wuce kaurin damtse kuɗi ne, masu itacen girki na jiransa, ba wanda zai niƙa shi. Abin da zai shiga injin shi ne tarkacen rassa masu gwafa da ganye da ƙaya. Don haka faɗin maƙogwaron injin ya fi muhimmanci. Wanda maƙogwaronsa inci 4 ne a tsaye, inci 10 a kwance, zai haɗiye reshe mai gwafa ba tare da an sassare shi ba, alhali mai inci 6 ta kowane ɓangare zai sa a tsaya da adda ana datse kowane reshe. Ka nemi a auna maka maƙogwaron na ciki, wurin da itace ke haɗuwa da wuƙa, a ɗauko hoto da ma'auni a kai. Bakin mazurarin na waje kowa nasa mai faɗi ne.

Akwai kuma masu sayo shi da niyyar niƙa karan dawa da na masara don dabbobi. Ba aikinsa ba ne. Kara da ganyen giginya da ciyawa suna nannaɗe faifan su toshe bututun, abin da ya fito kuma dogaye ne. Wannan aikin injin yanka kara ne ko injin niƙa mai guduma.

Rashin auna taraktar da ake da ita

Ƙarfin dokin da aka rubuta a jikin tarakta na injinta ne. Wanda ke isa sandar PTO bai kai haka ba, yakan tsaya wajen kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari, in ta tsufa ya ƙara raguwa. Massey Ferguson 375 mai doki 75, wajen 60 da 'yan kai take bayarwa a baya. Da wannan adadi na baya ake lissafi. Injin inci 4 yana tafiya da doki 20 zuwa 50, na inci 6 yana son 30 zuwa sama, na inci 8 kuwa in itace mai tauri ne, ƙasa da 45 wahala ce kawai. Iyakar sama ma a lura da ita. In aka haɗa ƙaramin injin da aka ƙera don doki 50 da tarakta mai 75, taraktar ba za ta ji nauyi ta rage gudu ba idan itace ya cije, sai wani abu ya karye a jikin injin.

Leƙa bayan taraktarka ka ƙirga haƙoran sandar. Haƙora 6 a kan kaurin milimita 35 shi ne na juyi 540 a minti, kuma kusan duk waɗannan injuna da shi aka ƙera su. Haƙora 21 na juyi 1,000 ne. Wasu taraktocin China suna zuwa da haƙora 8, wasu kuma da giyar PTO biyu. Kada a kuskura a kunna injin 540 a kan 1,000. Ƙarfin da ke fizgar wuƙaƙe waje yana ninkawa fiye da sau uku, kuma wuƙar da ta ɓalle a wannan gudu tana iya huda murfin ƙarfe.

Sai hannuwa uku na rataya. Rukuni na ɗaya fil ɗinsa na ƙasa milimita 22 ne, na sama 19. Rukuni na biyu, wanda taraktoci masu doki 60 zuwa 90 suka fi amfani da shi, 28 ne da 25, tazarar hannuwan kuma ta fi faɗi, wajen santimita 82 maimakon 68. Ƙananan injuna da yawa rukuni na ɗaya ne. Maganin mai sauƙi ne, a sa zoben cike gibi ko a ce kamfani ya sa fil na rukuni na biyu, amma in an bar siririn fil yana rawa a cikin babban rami, girgiza za ta cinye shi. Injin inci 8 mai haidirolik, wato mai aiki da matsin mai, yana kai kilo 400 ko fiye, ƙaramar tarakta sai an ɗora mata nauyi a gaba don kada ta ɗaga kai a hanya.

Tsimi a kan abin jan itace

Nan ne mutane ke rage kuɗi, nan ne kuma suka fi yin da-na-sani. Iri uku ne. Mafi arha ba shi da rola, gangaren mazurari da fizgar wuƙa ne ke jan reshe. Yana yin kyau da miƙaƙƙun sanduna in wuƙa na da kaifi, amma reshe mai ganye sai an tura, kuma busasshe yana fizgarsa da ƙarfi ya tsinka wa mai aiki bulala. Na biyu yana da rola mai haƙora da bel ke juyawa. Gudunta ɗaya ne, ba ta komawa baya, in itace ya maƙale sai an kashe komai an ɗaga ta da hannu. Na uku shi ne mai rolar haidirolik, wanda ake rage wa gudu idan itace ya yi kauri, ake kuma mayar da shi baya da sandar da ta kewaye bakin mazurari.

Duk wanda zai yi aiki da bagaruwa ko farar ƙaya ko magarya, na uku ya kamata ya saya. Ƙaya tana kama safar hannu ta ja mutum, kuma wannan sanda da ake bugawa da gwiwa ko ƙugu ita ce kaɗai abin da zai tsayar da jan. Cikin masu haidirolik ɗin ma a tambaya: da famfonsa da tankinsa ya zo, ko daga tarakta zai sha mai? Tsofaffin taraktoci da yawa ba su da bakin tiyo a baya, masu shi kuma famfonsu ya gaji. Mai tankin kansa ya fi kwanciyar hankali. Yawanci ba mai a ciki ake aiko shi, kuma littafinsa yakan ce a zuba mai lamba 32, wanda don ƙasashe masu sanyi ne. A zafin watan Afrilu wannan mai yana tsinkewa rola ta rasa ƙarfi, lamba 46 ta fi dacewa.

Faifai, wuƙa da kayan gyara

Nauyin faifai shi ke ɗaukar injin ya wuce wuri mai tauri a itace ba tare da tarakta ta shaƙe ba. Na inci 8 mai kyau faifansa yana kusan kilo 90. In kamfani biyu suka nuna maka inji iri ɗaya a hoto, ɗaya ya fi arha sosai, tambayi nauyin faifan da na injin gaba ɗaya, galibi nan aka rage ƙarfe. Wanda faifansa ke haɗe kai tsaye da sandar PTO yana juyi 540, ba bel ba matsala. Mai bel yana ninka juyin zuwa sama da 1,000, yankansa ya fi laushi, fesowarsa ta fi nisa, amma bel ɗin abin canzawa ne.

Babban kuskure shi ne sayo injin shi kaɗai. Boris da bel in masu lambar da aka saba ne, irin UCP 208 ko UCF 210 da bel samfurin B, za a same su a Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, don haka ka karɓi lambobinsu a rubuce kafin biya. Wuƙa kuwa ba za ka same ta ba, domin tsawo da tazarar ramukanta sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Ka haɗo aƙalla saiti biyu, da maƙera guda, wato ƙarfen da ke zaune wanda wuƙa ke wucewa ta gabansa, da kusoshin wuƙa, da kusar kariya guda ashirin, da abin tace mai. A cikin akwati ɗaya kuɗin jigilarsu kaɗan ne, daga baya ta jirgin sama sai ya fi kuɗin kayan. Wuƙa mai baki biyu ta fi, in gefe ɗaya ya dakushe a juya. Yanke ƙarfen sifirin ɗin mota a ƙera wuƙa ganganci ne, ko ta tsage ko nauyinta ya saɓa da na sauran faifan ya dinga girgiza har boris ya mutu.

A wajen ciniki, farashin EXW na ƙofar masana'anta ne, FOB ya kai kaya cikin jirgi, CIF ya kawo su tashar ruwa da inshora. Ko ɗaya bai ƙunshi kuɗin kwastam da na tasha da motar da za ta hauro da shi arewa ba. A Najeriya a buɗe Form M, takardar shigo da kaya, tun kaya ba su taso ba, a zauna da ejan fito a tantance takardu har da batun SONCAP, takardar shaidar ingancin kaya, domin kuɗin jinkiri a tasha kullum ƙaruwa yake yi. Kafin cika kuɗi a nemi bidiyon injinka yana cin busasshen itace mai tauri, da lambar jikinsa a fili, da littafin aiki na Turanci ko Faransanci mai zanen sassa.

Haɗa shaf ba tare da an yanke shi ba

Shaf ɗin da ke zuwa da inji, wanda ke haɗa shi da sandar PTO, dogo ne da gangan, don ya dace da kowace tarakta. Bututu biyu ne, ɗaya na shiga cikin ɗaya. In ya yi tsawo aka ɗaga hannuwa, bututun zai ƙure, ƙarfin haidirolik gaba ɗaya ya danna sandar PTO cikin gidanta ya fasa boris ko murfin giya. Gyaran nan na iya fin kuɗin injin.

Rataya injin, ka ɗaga ka sauke har ka sami inda sandar tarakta da ta injin suka fi kusa, yawanci lokacin da suka yi daidai da juna. Raba shaf ɗin biyu, sa kowane rabi a wurinsa, jera su gefe da gefe, ka yi alama yadda za a bar sarari na santimita 3 zuwa 5 kafin ƙurewa. Abin da ka cire a rabi ɗaya shi za ka cire a ɗayan, ƙarfe da murfin roba duka. Goge bakin da magagari, share garin ƙarfen, shafa giris. Sannan ka duba inda suka fi nisa: dole bututun su shige juna da aƙalla kashi ɗaya cikin uku na tsawonsu, kada ya gaza santimita 15. Lokacin aiki injin ya zauna a ƙasa, shaf ya kusa miƙewa, karkatarsa kada ta wuce digiri 15.

A kan shaf akwai kusar kariya da aka yi don ta karye idan itace ya cije. In tana yawan karyewa, wuƙa ta dakushe ne ko itacen ya fi ƙarfin injin. Direbobi sukan gaji su sa kusa mai tauri ko su kai wa mai walda, daga nan abin da zai karye shi ne giyar tarakta. A mayar da mai lambar da littafi ya faɗa. In taraktar tsohuwa ce da PTO ɗinta ke haɗe da giya, ko mai birkin PTO ce, a sa shaf mai kulocin sakin juyi, wanda ke barin faifan ya ƙarasa gudunsa shi kaɗai.

Ranar farko

Kada a amince da ɗaurin masana'anta. A bi kowace kusa da sifana, musamman na wuƙa da ƙananan kusoshin da ke riƙe boris. A juya faifan da hannu a auna tazarar kowace wuƙa da maƙera, milimita 1 zuwa 1.5, kusan kaurin katin banki ko ya ɗan fi. In ta yi faɗi, dogayen zaruruwa za su fito su toshe bututu. Bayan awa ɗaya na aiki a sake ɗaurewa, a ƙara jan bel.

A saka PTO tarakta na ƙaramin gudu, a ƙara wuta a hankali har allura ta kai alamar 540. Wajen kashewa a rage wuta tukuna. Rairayi shi ne abokin gabar wuƙa, reshen da aka ja a ƙasa ko wanda gara ta yi wa gini a karkaɗe shi, kuma a duba kaifi duk bayan awa takwas zuwa goma. In za a wasa, a wasa duka daidai da ruwa, a kan kusurwar da suka zo da ita, domin in bakin ya yi shuɗi da zafi taurinsa ya tafi.

Shaf mai juyi 540 yana zagayawa sau tara a daƙiƙa ɗaya. Babbar riga da rawani da mayafi ba sa zuwa kusa da shi, murfinsa na roba kuma ba a cirewa. A toshe kunne, a sa tabarau, a tura reshe ta gindinsa ana tsaye a gefe, guntaye a tura su da wani reshen. Faifan yana ci gaba da juyawa minti ɗaya ko fiye bayan an kashe, shiru kuma yake yi, don haka ba a buɗe murfi sai an zare makullin tarakta, an ga ya tsaya cak, an sa fil ɗin da ke kulle shi.