Yara Nawa Ne a Aji? Kurakuran da Ake Yi Wajen Kwatanta Ƙasashe

Duk shekarar da ƙungiyar OECD, wadda galibin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, ta fitar da rahotonta kan ilimi, sai a yi ta yawo da alƙaluma: ajin firamare a ƙasashenta yara 21 ne ko kusa da haka, Chile kuwa ta doshi 30. Daga nan sai a hau yanke hukunci, nan ne kuma ake tafka kuskure.

Wanda ya fi yawa shi ne rikita yawan yara a aji da rabon yara ga kowane malami. Ɗauki makaranta mai yara 400 da malamai 20. A takarda, kowane malami yara 20 gare shi. To amma azuzuwa 10 ne kacal, kuma cikin malaman har da hedimasta da malamin Arabiyya mai zagaya azuzuwa. Leƙa ta taga, yara 40 za ka ƙirga. Manufar ilimi ta Nijeriya da ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare rabo take nufi, kada ka jera ta da 21 ɗin OECD. Fara tambaya: me aka raba da me?

Shi kansa matsakaicin yana rufe asiri. Aji ɗaya a ƙauye mai yara 10, wani a birni mai 90, matsakaici 50 ke nan, alhali tara cikin goma na yaran nan suna cunkushe, wasu a kan tabarma. Nemi alƙaluman birni da na ƙauye daban, na gwamnati da na makarantun kuɗi daban.

Wasu kuma doka suke ɗauka a matsayin matsakaici. Ingila ta ƙayyade yara 30 ga 'yan shekara 5 zuwa 7, Japan ta fara rage na firamare daga 40 zuwa 35 a 2021. Iyaka ce, azuzuwa da yawa ba su kai ta ba. Haɗa firamaren wata ƙasa da sakandaren wata ma ya zama ruwan dare.

Sai masu ɗaukar ƙaramin aji tamkar maganin komai. Japan da Koriya ta Kudu sun daɗe suna zarra a jarrabawar PISA, wadda OECD ke yi wa ɗaliban ƙasashe daban-daban, da azuzuwan da suka fi na yawancin Turai girma. Gwajin da aka fara a jihar Tennessee ta Amurka a 1985 ya nuna ƙananan yara sun amfana da ƙaramin aji, musamman 'ya'yan talakawa, amma can aji mai 13 zuwa 17 aka gwada da mai 22 zuwa 25. Mai kafa hujja da shi kan ajin yara 90 ya miƙa ƙafa fiye da tabarmarsa.