Yadda Ake Gane Matacciyar Ƙwayar Halitta da Yis

Malamin kimiyya a kowace makarantar sakandare a Bauchi zai iya nuna wa ɗalibansa mutuwar ƙwayar halitta su gani da idonsu, ba tare da kayan aiki masu tsada ba. A sayo yis na burodi, wanda tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ne masu rai, a Kasuwar Wunti, a jiƙa rabin cokali cikin ruwan ɗumi mai ɗan sukari, sannan a raba shi gida biyu, a tafasa kashi ɗaya na minti 10.

A ɗiga kowanne a kan gilashin gwaji, a ƙara ɗigon shuɗin metilin, wato wani rini na ɗakin gwaji, wanda aka sirka da ruwa sosai, a jira minti 5, a duba a maikuroskof, na'urar ganin ƙananan abubuwa. Ƙwayoyin yis da aka tafasa za su rine shuɗi, domin zafi ya lalata fatarsu da sinadaran aikinsu, yayin da masu rai za su fito fes, saboda suna kashe launin da ya shige su. Kada a jinkirta dubawa, don rinin kansa yana iya kashe su.

Ya kamata malam ya jaddada cewa wannan mutuwar rauni ce. Akwai kuma mutuwa mai tsari, wadda aka raɗa wa suna afoftosis a 1972, kuma ita ce ke raba yatsun ɗan tayi a cikin mahaifa.