Kafin ki miƙa ɗanki ga masu cewa za su "gyara" shi

Wata baiwar Allah da muke haɗuwa a masallacin Juma'a a birnin Newark na Amurka ta same ni a gida bayan la'asar, ta zauna a bakin kujera ko mayafi ba ta cire ba. Ta ga saƙonni a wayar ɗanta mai shekara 17, ta gane cewa 'yan'uwansa maza yake sha'awa. Kwana uku ba ta runtsa ba. Sai ta zaro takardar tallar wata cibiya da ta yi alkawarin juya sha'awar yaro cikin 'yan watanni, ta ce, "Yaya, ke ce ta asibiti. In biya ko kada in biya?"

Na daɗe ina aikin jinya a jihar New Jersey. Hukuncin addini na malamai ne, ban isa in yi fatawa ba. Abin da na sani shi ne lafiyar ɗan Adam, da tarihin wannan kasuwa a Amurka, inda ta yi ƙarfi. Abin da na gaya mata shi zan gaya miki.

A makon farko kada ki biya ko sisi, kada kuma ki ɗauki waya ki kira gida. Magana zarar bunu ce. Yayarki ta Kano za ta faɗa wa mijinta don neman shawara, shi kuma ya faɗa wa amininsa, alhali dokar Najeriya ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 14 a kan wannan lamari. Yaron nan wata rana zai je ganin kakarsa. Ki rufa masa asiri tukuna, ki bari zuciyarki ta sauka.

Daga nan ki san su waye suka fara wannan sana'a da yadda suka ƙare. A 1976 wasu ƙungiyoyin Kirista suka haɗu a Anaheim ta jihar Kalifoniya suka kafa Exodus International, wadda ta zama uwar tafiyar mutanen da ke cewa addu'a da horo sun raba su da sha'awar jinsinsu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Michael Bussee, ya fice a 1979, ya yarda cewa shi kansa bai canza ba. A farkon 2012 shugabanta Alan Chambers ya faɗa a bainar jama'a cewa kashi 99.9 cikin 100 na mutanen da ya sani a tafiyar, sha'awarsu tana nan yadda take. A watan Yunin 2013 ya nemi gafarar waɗanda aka cutar, aka rufe ƙungiyar bayan shekara 37. John Smid, wanda ya daɗe yana jagorantar cibiyar Love in Action a Memphis, shi ma ya ce bai taɓa ganin namijin da ya juya ba. Waɗannan masu kayan ne da kansu, su suka yi shekaru suna tallarsa.

To in kin je wurin mai cibiyar, ki tafi da takarda da biro. Tambayar farko: mutum nawa suka canza a hannunka, kuma wa ya tabbatar? Sau da yawa za a kawo miki binciken wani babban likitan ƙwaƙwalwa, Robert Spitzer, da aka buga a 2003. Ki san labarinsa tun daga gida. Mutum 200 ya yi hira da su ta waya, yawancinsu ƙungiyoyin da masu sana'ar ne suka turo masa su, kuma bakinsu kawai ya dogara da shi. A 2012 shi da kansa ya rubuta cewa ba yadda za a tabbatar da abin da suka faɗa masa, ya nemi afuwa. Wanda ya nuna miki binciken ya ɓoye miki afuwar, kin riga kin san da wa kike magana.

Tambaya ta biyu: me kuke yi wa yaro in an rufe ƙofa? Ki nace sai an faɗa miki dalla-dalla. Wannan ce ta fi damuna, saboda abin da ya faru a Jersey City, nan kusa da mu. Akwai wata ƙungiyar Yahudawa mai suna JONAH da ke karɓar dala 100 a kowane zama. A 2012 wasu samari huɗu da iyaye mata biyu suka kai ta kotu. A gaban alƙali aka ji cewa an sa samari sun tuɓe a gaban mai ba su shawara, an ba wani sandar wasan tanis aka ce ya yi ta dukan matashin kai yana ɗaukan cewa mahaifiyarsa ce, don wai kusancinsa da ita ne ya jawo masa. Ki tsaya a nan ki yi tunani. Uwa ta biya kuɗinta, aka koya wa ɗanta ya tsane ta. A watan Yunin 2015 masu taya alƙali yanke hukunci suka samu ƙungiyar da laifin damfarar masu sayen haja, aka umarci ta rufe. Shugabanta Arthur Goldberg, ashe tun 1989 ya taɓa amsa laifin zamba a harkar kuɗi. Bayan rufewar ma sai aka ci gaba a ƙarƙashin wani sabon suna, har kotu ta sake tsoma baki a 2019. Saboda haka sunan mutumin za ki bincika a intanet, sunan cibiya sauya shi ake yi kamar riga.

Ki tambayi lasisinsa. New Jersey ta hana masu lasisin kula da lafiya yi wa ƙananan yara wannan aiki a 2013, bayan Kalifoniya da ta yi dokarta a 2012. Jamus ta hana shi ga 'yan ƙasa da shekara 18 a 2020, dokokin Kanada da Faransa kuma suka fara aiki a 2022. Amma dokokin jihohin Amurka masu lasisi suka ɗaure, shi ya sa da yawa suke kiran kansu masu horarwa ko masu nasiha. Irin wannan in ya cuci ɗanki ba hukumar da za ta ƙwace masa takarda, don ba shi da ita.

Akwai abin da in kin ji shi, tashi za ki yi ki ɗauki jakarki: a ce yaro zai kwana a can, a karɓe masa waya, ba za ki gan shi ba sai bayan wata guda. Mu da muka fito daga Arewa mun san gidan mari. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, jikinsu duk tabo. Iyaye ne suka kai yawancinsu da hannunsu don a gyara musu tarbiyya, kuma ba mugunta ce ta sa su ba, tsoro ne irin wanda kike ji yanzu. Haka nan in wani ya ce ki tura shi gida a yi masa aure da gaggawa, ki tuna da 'yar mutane da za a ɗaura wa abin da ba ta ji ba ba ta gani ba.

Sauran aikin a cikin gidanki yake. Wani bincike da Caitlin Ryan da abokan aikinta suka buga a 2009 ya gano cewa matasan da iyayensu suka yi musu ƙyama mai tsanani a kan wannan lamari sun ninka sauran fiye da sau 8 wajen yunƙurin kashe kansu. Na karɓi irin waɗannan yara a sashen gaggawa da tsakar dare, na ga iyayensu mata a baranda suna salati. Ba na so in gan ki a wurin.

Don haka ki zauna da shi ku biyu, ba gaban babansa ba in kin san yana da zafin hannu. Ba dole ki ce kin yarda da komai ba. Ki ce masa, "Ni na haife ka, gidan nan gidanka ne, ba inda za ka." Ki tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tunanin halaka kansa. Tambayar ba ta sa wa yaro tunanin, sauƙi take ba shi ya yi magana. In ya ce eh, ki kwashe magunguna ki kulle, kada ki bar shi shi kaɗai a daren, ki kira 988, layin agajin masu tunanin kashe kansu, in kina Amurka, da safe ku je wurin likita. In za ki nema masa mai ba da shawara, ki nemi mai lasisi wanda zai kula da damuwarsa da baccinsa da karatunsa, wanda kuma ke girmama addininku. Akwai su, har da Musulmi. In malami za ki kai wa maganar, ki zaɓi wanda kika san yana riƙe sirri, kuma bai taɓa ɗaga bulala a kan yaro ba.

Baiwar Allahn nan ta bar takardar tallar a kan teburina. Da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa ta ce tun ranar da ta ga wayar ba ta kira sunansa ba, abinci ma ƙanwarsa take ba wa ta kai masa ɗaki. Na ce ta fara da wannan a daren nan, ta zuba tuwon ta kai masa da hannunta.