Gado da fansho a Ingila: abin da za ka gyara tun kana sabon zuwa

A Katsina ko Daura, idan magidanci ya rasu ba wanda ke tambayar ko ya bar takarda. Bayan an share makoki a kira malami ko a je kotun shari'a, a biya bashi, a fitar da wasiyya in akwai, sannan a raba: mata tumuni idan akwai 'ya'ya, uwa da uba sudusi-sudusi, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. A Ingila wannan lissafi ba ya hawa kan dukiyarka da kansa, sai ka rubuta shi.

Ga abin da dokar Ingila ke yi da wanda ya rasu bai bar wasiyya ba. Mata ta ɗauki kayan amfanin yau da kullum, da fam 322,000 na farko, da rabin abin da ya saura. Ɗaya rabin na 'ya'ya ne, mace da namiji kai ɗaya. Muddin akwai mata ko ɗa, iyaye ba su da ko sisi, wato tsohuwar da ka baro a Ƙofar Sauri ta tashi a tutar babu. Gida yana bin dokar ƙasar da yake. Kuɗin banki kuwa suna bin dokar ƙasar da kotu ta ɗauka ita ce mazauninka na dindindin, kuma tabbatar da cewa har yanzu Nijeriya ce mazaunin naka shari'a ce mai cin kuɗi, wadda marayu za su biya.

Rubuta wasiyyar ba wuya. Ka sa hannu a gaban shaidu biyu suna tare a wuri ɗaya, su ma su sa hannu a gabanka. Inda ake yawan tuntuɓe: kada shaida ya zama mai rabo, ko mijin mai rabo ko matarsa, domin rabon nan ya faɗi. Ka ambaci wanda zai zartar da ita, da wanda zai riƙe yaran da ba su kai shekara 18 ba. Sabon aure yana rushe tsohuwar wasiyya, don haka wanda ya rubuta yana gwauro sai ya sake. Ka nemi lauyan da ya saba da wasiyyar Musulunci, kada ka kwafo ta daga intanet. Dalili kuwa, wata doka ta 1975 ta ba mata damar kai ƙara idan abin da aka bar mata bai isa ya riƙe ta ba, kuma tumuni a idon alƙalin Ingila kaɗan ne. Ku zauna da uwargida ku fahimci juna tun kuna da lafiya.

Auren da aka ɗaura a Katsina bisa ƙa'idar Nijeriya Ingila ta san da shi, sai dai a adana takardarsa. Wanda aka ɗaura a ɗaki ko a masallaci a Manchesta ba tare da rajistar hukuma ba, doka ba ta ɗauke shi aure ba, kuma in babu wasiyya matar ba ta da gado kai tsaye.

Ranar da za ku sayi gida da sunan mutum biyu, lauya zai tambaya wane irin mallaka kuke so cikin iri biyu. A na farko, wanda ya rage da rai ya mallaki gidan gaba ɗaya, ko me wasiyya ta ce. A na biyu kowa da kasonsa, kuma kason mamaci yana shiga gado. Mai son rabon Musulunci na biyun zai zaɓa.

Harajin gado kashi 40 cikin ɗari ne a kan abin da ya haura fam 325,000, ban da abin da ya tafi ga mata ko miji. Daga Afrilun 2025, wanda ya zauna Ingila shekara 10 cikin 20 da suka wuce, ana lissafa har da gidansa na Katsina da gonarsa ta Sandamu.

Sai fansho. Na gwamnati yana bukatar aƙalla shekara 10 na biyan National Insurance (kuɗin inshorar gwamnati da ake cira daga albashi), cikakkensa shekara 35. Ga abin da kan ba masu niyyar komawa gida mamaki: za a biya ka a Daura, amma ba za a riƙa yi maka ƙarin shekara-shekara ba, kuɗin sun tsaya cak. Na wurin aiki kuwa, wanda ya kai shekara 22 kuma albashinsa ya wuce fam 10,000 a shekara ana saka shi ba tare da ya nema ba, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba aƙalla kashi 3 cikin jimlar kashi 8 cikin ɗari. Da yawa suna ficewa don gudun riba, su yi asarar kason wanda ya ɗauke su aiki, alhali Nest (asusun fanshon ma'aikata da gwamnati ta kafa) da wasu kamfanonin suna da asusun da ya dace da shari'a, canjawa kawai za ka yi. Wannan kuɗi ba ya bin wasiyya, akwai fom na daban da ake rubuta wanda za a ba. A cike shi a makon farko.

Mai tasi, mai aski da mai shagon kayan abincin gida ba wanda zai saka su a fansho, sai sun buɗe da kansu. Kuma idan sana'ar da sunanka kaɗai take, banki na jin rasuwa ya rufe asusun har sai takardar kotu ta fito, ga haya da albashin yaran shago suna jira. Kamfani mai rajista ya samu darakta na biyu da zai iya sa hannu.

Dukiyar da ke gida Nijeriya ita ta fi haddasa rigima. An turo kuɗi, ƙane ya sayi fili a hanyar Jibiya da sunansa don sauƙi, shaidar ciniki guda ɗaya ce kuma tana aljihunsa. Ba zargi ba ne, shi ma mai mutuwa ne, 'ya'yansa kuma takarda za su gani. Takardar ciniki da ta mallaka su fito da sunanka, a ɗauki hotonsu a turo maka. Wanda ya yi aikin albashi kafin ya fito, asusun fanshonsa na Nijeriya yana nan, ya rubuta lambarsa da sunan kamfanin. Bashi da adashi da amanar da ke hannunka su ma su hau takarda ɗaya, kwafi a wurin uwargida, kwafi a wurin dattijo guda a gida.