Kada ka kai kukanka wurin Lod

Sabon zuwa Birtaniya, idan takardun bizarka suka maƙale a ma'aikatar cikin gida, kada ka nemi Lod, wato ɗan majalisar dattawan ƙasar, da tunanin sanata ne irin na Abuja. Masu zama a kan jajayen kujerun nan ba su da mazaɓa, ba kuma talaka ne ya kaɗa musu ƙuri'a ba. Ɗan majalisar wakilai na unguwarku za ka rubuta wa. Yawancinsu suna ware ranar ganin jama'a.

Duk da haka ya kamata ka san 'yan majalisar dattawan, domin sukan fito a jarrabawar neman zaman dindindin: tambaya 24, minti 45, sai ka ci 18.

Kaka da kakanni, kujerar gado ce, uba ya mutu ɗa ya hau. Dattawanmu za su tuna Majalisar Sarakuna ta Kaduna, wadda ta tafi da juyin mulkin 1966. Su Turawan da kaɗan-kaɗan suka riƙa rage wa tasu ƙarfi. A 1911 aka hana su kashe doka sai dai jinkirtawa, a 1949 aka rage jinkirin zuwa shekara guda. Daga 1958 aka fara naɗa mutum iya rayuwarsa ba tare da ɗansa ya gada ba, mata ma suka samu shiga.

Gwamnatin Tony Blair ce ta sallami ɗaruruwan 'yan gado a 1999, ta bar 92 wai na wucin gadi. Wucin gadin nan ya haura shekara 20. A lokacin, in ɗaya ya rasu sai a zaɓi wani daga cikin sauran 'yan gadon da ba su da kujera. A 2016 an yi zaɓen da 'yan takara 7 ne, masu jefa ƙuri'a 3! A Satumban 2024 gwamnatin Keir Starmer ta kai ƙudurin raba ragowar da kujerunsu. A ganina gyaran rabi ne, tunda firaminista na naɗa na hannun damansa, ga kujeru 26 na bishop-bishop ɗin Cocin Ingila.

Amma kada ka raina su. Dokar kai masu neman mafaka Ruwanda ta sha kai-komo a hannunsu kafin ta wuce a Afrilun 2024.

In ɗan Najeriya, Gana ko Kamaru ne kai mai izinin zama, yi rajistar zaɓe, ƙasashen Kwamanwels suna da wannan dama. 'Yan'uwa na Nijar, Chadi da Sudan sai sun samu takardar zama ɗan ƙasa kafin su iya zaɓen ɗan majalisar wakilai.