Yadda Ake Haɗa Lissafin Ƙananan Kamfanoni da na Uwar Kamfani a Manhaja

'Yan kasuwarmu da dama a Legas sun faro ne da shago ɗaya a Mile 12 ko Agege, amma yau za ka tarar da mutum yana da kamfanin shigo da kaya a Apapa, da na sufuri mai riƙe da tireloli, wani lokaci har da na uku a Kwatano. Kowane ɗaya yana da rajistarsa da littattafansa, sai dai idan shekara ta ƙare, banki da masu hannun jari da odita, wato mai binciken lissafi, suna son ganin rukunin baki ɗaya a rahoto guda, tamkar kamfani ɗaya ne. Ƙa'idar da ke tafiyar da wannan aiki ita ce IFRS 10, kuma Najeriya ta fara aiki da tsarin IFRS, wato ƙa'idojin rahoton kuɗi na ƙasa da ƙasa, tun 2012, inda aka soma da kamfanonin da ke kasuwar hannun jari. Abin da ƙa'idar take dubawa shi ne iko: duk kamfanin da uwar kamfani ke juya akalarsa dole ne a shigar da shi.

Mafarin aikin shi ne daidaita lambobin asusu. Idan lamba 4000 tana nufin cinikin haja a littafin uwar kamfani, alhali a kamfanin sufuri tana nufin kuɗin dakon kaya, manhaja za ta haɗe su ba tare da ta yi tambaya ba. Saboda haka a tsara jerin asusu guda na rukuni, sannan a nuna wa manhajar asusun rukunin da kowane asusun ƙaramin kamfani zai faɗa ciki. Manhajoji irin su Business Central na Microsoft da SAP suna da sashen haɗa lissafi na musamman. Masu amfani da ƙaramar manhaja kuwa sukan fitar da jadawalin ragowar asusun kowane kamfani zuwa Excel su yi aikin a can. Ko wace hanya aka bi, a buɗe wuri na dabam domin haɗawar, kada a taɓa littafin asali na kowane kamfani. A kuma tabbatar kowa ya rufe lissafinsa a rana ɗaya. Ƙa'ida ta yarda da tazarar da ba ta wuce wata 3 ba idan babu makawa, amma a ganina gara a guje ta.

Inda aikin yake da nauyi shi ne mu'amalar da ke tsakanin kamfanonin kansu, kuma a nan nake roƙon kowane akanta ya yi haƙuri ya bi ta dalla-dalla kafin ya danna maɓallin haɗawa. Manhaja ta iya tara lambobi, amma ba ta san cewa mai sayarwa da mai saye 'yan gida ɗaya ne ba sai an gaya mata. Don haka a ware asusu na musamman ga kowane ɗan'uwan kamfani, na abin da ake bin sa da na abin da yake bi, kada a cakuɗa su da bashin sauran abokan ciniki. Bayan haka a ɗora littattafan biyu gefe da gefe. Idan kamfanin sufuri ya rubuta yana bin uwar kamfani naira miliyan 12, wajibi ne littafin uwar ya nuna ana bin ta miliyan 12 ɗin daidai.

Sau da yawa ba sa zuwa daidai, kuma dalilan sanannu ne. Tirela ta tashi daga Apapa ranar 30 ga Disamba, mai aikawa ya rubuta ciniki nan take, amma kayan ba su isa sito ba sai 2 ga Janairu, don haka mai karɓa bai shigar da komai ba. Ko kuma an cire harajin da ake riƙewa wajen biya, ɓangare ɗaya ya rubuta, ɗayan ya ci gaba da ganin cikon a matsayin bashi. Irin wannan bambanci ana bin sawunsa ne har a gano takardarsa, a gyara a littafin da ke da giɓin. Zuba shi a asusun wucin gadi domin a samu lissafi ya rufe jinkirta matsala ne kawai, domin odita zai tono shi.

Da zarar ɓangarorin sun daidaita, sai a shigar da rubutun sokewa: bashin juna ya tafi, cinikin wannan ya soke sayayyar wancan, haka ma ribar hannun jari da ƙaramin kamfani ya biya uwarsa. Akwai kuma ribar da ba ta tabbata ba, wadda ita ce aka fi mantawa da ita. A ɗauka uwar kamfani ta sayi haja a kan miliyan 40, ta sayar wa ƙaramin kamfaninta a kan miliyan 50, kuma shekara ta ƙare rabin kayan yana jibge a sito. Rukunin bai ci ribar wannan rabin ba tukuna, tunda babu wani na waje da ya saya, kamar mutum ne ya mayar da kuɗi daga aljihun dama zuwa na hagu. Dole a rage miliyan 5 daga darajar hajar, a rage ta daga riba.

Jarin da uwa ta zuba a ƙaramin kamfani shi ma ana soke shi da jarin da kamfanin yake da shi ranar da aka mallake shi, kuma IFRS 3 ce ta yi bayanin yadda za a yi da rarar da aka biya. Idan uwar tana da kashi 80 cikin ɗari, ana haɗa kadarori da basussuka gaba ɗaya, sannan a nuna rabon masu kashi 20 a layinsa.

Kamfanin da ke Kwatano yana lissafi da sefa, saboda haka IAS 21, ƙa'idar da ta shafi canjin kuɗi, ta shigo: kadarori da basussuka a canjin ranar rufe lissafi, kuɗin shiga da na kashewa a canjin ranar mu'amala ko matsakaicin canjin lokacin, bambancin kuma ya tafi asusun ajiya na canji a ɓangaren jari. Matsakaicin shekara guda yana yaudara idan canji ya yi tsalle, kamar yadda naira ta faɗi bayan Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji a watan Yunin 2023. A irin wannan shekara a yi amfani da matsakaicin kowane wata.

Kafin a miƙa rahoto, a duba cewa duk asusun tsakanin kamfanoni ya koma sifili, ɓangarorin lissafi biyu, debit da kiredit, sun yi daidai, sannan a kulle watan a manhaja, a adana kowane rubutun sokewa tare da takardar da ta sa aka yi shi, domin gyaran hajar bana sai an sake waiwayarsa a buɗe lissafin baɗi.