Babi na 4: Gina madafa da bulo a tsakar gida

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Wannan babin babu dogon Turanci a cikinsa, madafa za mu gina, wato kicin, irin wadda za a yi sau ɗaya a huta da gyaran rumfar zana duk damina. Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba kar ya ji kunya, ya sa yaro ya karanta masa sau biyu, gemu ba ya hana ilimi.

Darasi na 1: Zaɓen wuri

Kafin ka sayi ko da ƙusa ɗaya, tsaya a tsakar gidanka ka nuna gabas da hannu, inda rana take fitowa. To nan ne hadari yake tasowa a ƙasarmu, ruwa da iska daga can suke dukan gini, saboda haka ƙofar madafa ba za ta kalli gabas ba. Yamma ma a'a, ranar la'asar za ta shigo ta tarar da mai girki ga wuta ga rana, kun dai san yadda watan Afrilu yake a Sakkwato ko Maiduguri ko Ƙonni, zafi yana haura digiri 40. Arewa kuma ƙurar hunturu. Kudu ta rage, ita za mu ba ƙofa.

A nisanta da masai, a nisanta da tagar ɗakin kwana saboda hayaƙi. Kuma dan Allah maza ku tambayi matar gida, ita ce za ta wuni a ciki. Na ga wanda ya gama gini tas sannan uwargida ta ce tukunyar suna ba ta shiga ƙofar.

Darasi na 2: Awo da lissafin bulo

Tsawo ƙafa 12, faɗi ƙafa 9. In na ce ƙafa ina nufin ta jikin tef ɗin awo, ba tafin ƙafarka ba Baba. Jawo tef ɗin ka duba gefen da lambobinsa suka fi tazara, wannan shi ne inci, in ka ƙirga inci 12 ka sami ƙafa 1.

Kafa fegi huɗu, ɗaura igiya ta zagaye su. Yanzu auna daga kusurwa zuwa kusurwar da take kallonta ta tsakiya, kamar yadda ake yanka gurasa a karkace. Dole ka sami ƙafa 15. Auna ɗaya ɓangaren, shi ma 15. In ɗaya ya ba ka 15 ɗaya ya ba ka 14 to ɗakinka ya karkace, matsar da fegi ka sake, ba komai, ni ma ranar farko sau biyar na sake. 9, 12, 15, ku haddace su kamar lambar waya.

Bulo mai inci 6 ya isa. Kowane bulo tsawonsa ƙafa ɗaya da rabi ne, kenan bangon ƙafa 12 zai ci bulo 8 a sahu ɗaya, na ƙafa 9 zai ci 6. Bangon baya da gefe biyu: 8 da 6 da 6, ya zama 20. Sahu 10 za mu hau, 200 kenan. Gaba kuwa gajeren bango ne sahu 4 kawai don iska ta riƙa ratsawa, a cire wurin ƙofa, bulo 24. Harsashi sahu 2 zagaye, 56. Duka 280. Sayi 300 saboda sai wasu sun fashe a baro. A gidan bulo ɗauki ɗaya ka karce shi da ƙusa, in yana zubar da gari kamar tsaki ka bar musu kayansu, ba su ba shi ruwa ba. Ku riƙe wannan maganar ta ruwa, za mu dawo kanta.

Darasi na 3: Kwaɓi

Buhun siminti kilo 50 ne, ko na Dangote ko na BUA, kuma yana cika kwanon gini kamar sau 2. A ajiye shi kan katako, kar ya taɓa ƙasa, wanda ya dunƙule ya zama dutse ya riga ya mutu.

Za ku ga na rubuta 1:6. Ɗigo biyun nan na tsakiya ba ado ba ne, ana karanta shi ɗaya ga shida, ma'ana kwano 1 na siminti, kwano 6 na yashi. Wannan na ɗora bulo ne. In kun ga 1:3:6 kuma, siminti 1, yashi 3, tsakuwa 6, shi ne kankaren harsashi. Kullum lambar farko siminti ce. Kwano ɗaya za ka yi awon da shi duka, kar ka auna siminti da ƙaramin kwano yashi da babba kana ganin ka yi wayo, kanka ka cuta.

Gauraya su a bushe da shebur har launin ya zama ɗaya, sannan ka buɗe tsakiya ka zuba ruwa kaɗan-kaɗan. Kauri kamar tuwo mai laushi, ba kamar koko ba. Kwaɓa wanda za ka iya ƙararwa cikin rabin awa, don da zafin nan yana saurin kamawa, kuma in ya fara kamawa kar ka ƙara masa ruwa ka ce ka farfaɗo da shi.

Darasi na 4: Harsashi, da kuma BAN RUWA

Haƙa rami bin igiya, faɗi ƙafa ɗaya da rabi, zurfi ƙafa 2 ko har ka taɓa ƙasa mai tauri. Yayyafa wa ramin ruwa, zuba kankare kaurin inci 6, daddaɓe shi da katako. Da sassafe ake wannan aikin ko da yamma liƙis, ba da tsakar rana ba.

To yanzu ku ajiye komai ku saurare ni, nan ne kowace shekara ɗalibaina suke faɗuwa. Kuma na san dalili, ba sakaci ba ne. Mu mutanen ginin ƙasa ne, mun tashi mun ga ana yin tubali a shanya a rana, in ya bushe ya yi ƙarfi, shi kenan sai muka ɗauka siminti ma haka yake. Siminti ba haka yake ba. Shi da ruwa yake yin ƙarfi, muddin akwai danshi a jikinsa yana ta ƙara tauri a hankali, ranar da rana ta tsotse ruwan nan ƙarfinsa ya tsaya inda yake. Za ka gan shi fari fes ka ce ma sha Allah ya bushe, alhali ƙishirwa ce ta kashe shi.

Saboda haka: in ka zuba da safe, da yamma taɓa shi da yatsa, in bai lotsa ba yayyafa masa ruwa a hankali da hannu, kar ka kwara da bokiti ka wanke simintin. Daga washegari kuma sau 3 a rana har kwana 7. Bayan Asuba, bayan Azahar, kafin Magariba. Na haɗa muku da salla ne don kar a manta. Samo tsofaffin buhunan algarara ko tsumma ko tsohuwar tabarma ka jiƙa ka lulluɓe shi, su za su riƙe danshin.

Sau nawa a rana? 3. Kwana nawa? 7. Ɗauki gawayi, duk ranar da ka cika ukun nan ka ja layi ɗaya a jikin katanga, sai ka ga layi 7 sannan ka huta. Wanda bai iya rubuta bakwai ba ai ya iya jan layi.

Inna za ki ce ruwa tsada, kurar mai ruwa ba kyauta ba ce, gaskiya ne. Amma lissafa kuɗin jarka nawa za ki kashe a kwana 7, ki lissafa kuɗin buhun siminti guda, sai ki gaya mini wanne ya fi. Ruwan ɗauraya marar sabulu da maiƙo ma yana yi. Sannu a hankali, za ku iya wallahi.

Darasi na 5: Ɗora bulo

Bayan kwana 2 za ka iya fara ɗora bulo kan kankaren, amma ban ruwa bai tsaya ba, kana gini kana ba shi. Jiƙa bulon kafin ka ɗora, busasshen bulo yana shanye ruwan kwaɓi kamar yadda garin kwaki yake yi, sai ka ga kwaɓin ya koma gari. Fara da kusurwa huɗu, ja igiya tsakaninsu, sauran bulon su bi igiya. Kaurin kwaɓi kamar yatsa ɗaya. Sahu na biyu ka fara da rabin bulo don kar gaɓa ta hau kan gaɓa. Duk sahu 2 ka saki dutse a igiya a jikin bango ka ga ko ya miƙe. Kar ka wuce sahu 5 a rana. A sahun ƙarshe na bangon baya ka bar ramuka uku ko huɗu, hanyar hayaƙi kenan.

Bangon da ka gina yau, gobe da Asuba me za ka yi masa? Ruwa. Shi ma sau 3, shi ma kwana 7, sabon layin gawayi. Bara wani dattijo a ajinmu, ba zan faɗi suna ba, ya yi gini mai kyau har na kai mutane su gani, sai ya tafi biki ƙauye kwana huɗu bai bar wa kowa sallahu ba. Da ya dawo da farce nake kankare kwaɓin tsakanin bulo. Ya ce Malam ai ka ce kwana 7, na ce zan haɗa masa in na dawo. Haba Baba! Ramuwa ake yi kamar azumi? Kwanakin farko su ne masu muhimmancin, in sun wuce sun wuce. In za ka yi tafiya ka ɗora yaro a kai, ko ka fasa ginin sai ka dawo.

Darasi na 6: Daɓe da murhu

Cika ciki da jar ƙasa, jiƙa, daddaɓe sosai, daɓen ya fi tsakar gida tudu da inci 6 don ruwan sama. Kankare inci 3 a kai, ya ɗan gangara wajen ƙofa. Daɓe ya fi komai saurin tsagewa saboda shimfiɗe yake a rana, don haka ku zagaye bakinsa da yashi ku tara ruwa a kai ya kwana. Na gaji da faɗa amma zan sake: kwana 7. Duk wanda ya zo mini da hoton tsagaggen daɓe a waya yana cewa simintin ne ba kyau, tambayar farko da zan yi masa ita ce ina layin gawayinka.

Murhu a jikin bangon baya, ƙasan ramukan hayaƙi. Na tuwo a yi shi ƙasa-ƙasa, kamar ƙafa 1, yadda mace za ta zauna kan kujera ta tuƙa. Bulon siminti ba ya jure wuta, fashewa yake, saboda haka cikin murhun jan bulo ne ko yumɓu da aka kwaɓa da yashi. Shi yumɓun ba a ba shi ruwa, a inuwa zai bushe. Kar wani ya je ya kwara masa ruwa ya ce ni na ce. Kar a hura wuta sai daɓen ya kwana 28, lokacin ne siminti yake cika ƙarfinsa. Mai tukunyar gas ya yi mata dakali daban, nesa da murhun itace.

Darasi na 7: Rufi

Wannan ku kira kafinta. Kwano ya gangara baya, ya leƙo ƙafa 2 ta kowane gefe, a sa ginshiƙin ƙarfe ɗaya a tsakiyar gaba. A bar tazarar tafin hannu tsakanin bango da kwano zafi ya riƙa fita. A ɗaure katakon da waya a jikin bango saboda iskar farkon damina. A shafa masa baƙin mai don gara.

Darasi na 8: Shafe

1:5. Jiƙa bango kafin, ba shi ruwa bayan. Kun san kwana nawa.

Darasi na 9: Fenti

Wanda yake so ya yi, hayaƙi dai zai baƙanta shi.